Awon Ƙarfin Tafiyar Tsofaffi: Hanyoyinsa da Amfaninsa



1. Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai son awo. Hatsi ya auna shi da mudu ko tiya, ƙyalle da kamu, igiyar rijiya da gaba, nisan tafiya kuwa da zango. Ko da asibiti ya zo ƙasar nan, ba mu sha wahalar karɓar awon ciki da awon jarirai ba, har ta kai in mace ta ce za ta awo, kowa ya san inda ta nufa. To, amma akwai wani rukunin jama'a da ba mu saba auna su ba, watau tsofaffi. Akan zuba wa tsoho ido yana ta lallaɓawa, sai ranar da ya zame a makewayi ya karye, sa'an nan a taru a ce ai dama tsufa ne.

Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda masana suke auna ƙarfin motsin tsoho, watau iyawarsa ta tashi, ya tsaya, ya taka, ya juya, ya koma ya zauna. Zan kawo dalilin yin awon, da tarihinsa a taƙaice, da hanyoyin da aka fi amfani da su, da kuma gyaran da suke bukata kafin su zauna daidai a ƙasar Hausa.

Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa malamin Hausa da aikin likita? Amsa ita ce, kowane ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da magana ake fara shi. Sai an gaya wa tsoho abin da zai yi, ya fahimta, ya kuma yarda. In maganar ta karkace, awon ya karkace.

2. Harshenmu da tafiya

Hausa tana da wadatar kalmomin da ke siffanta tafiya. Yaro yakan fara da rarrafe, ya kama tatata, daga nan ya miƙe. Saurayi yana da sassarfa da gudu, budurwa tana da rangwaɗa, basarake yana da taƙama. In lafiya ta taɓu, sai mu ce mutum yana ɗingishi, ko yana tangaɗi, ko yana jan ƙafa, ko yana dogara sanda, ko yana bin bango. Shi kansa tsufa mun yi masa matakai: akwai dattijo, akwai tsoho, akwai wanda ya rankwafa, akwai kuma tsoho tukuf.

Waɗannan kalmomi suna nuna cewa idon Bahaushe yana lura ƙwarai. Sai dai siffantawa suke yi, ba su ba da adadi. Abin da Malam Audu ya kira jan ƙafa, Malam Garba zai iya kiransa natsuwa. Haka kuma ba za su iya gaya mana ko tafiyar Iya ta bana ta fi ta bara rauni ba, balle su ce da nawa ta fi ta.

Ga kuma al'adarmu ta gaisuwa. Ka tambayi tsoho, “Baba, yaya jiki?” ya ce, “Da sauƙi.” Ka ce, “Ina gajiya?” ya ce, “Ba gajiya.” Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce ta haƙuri da godiyar Allah, kuma ba wanda zai so mu rabu da ita. Amma ma'aikacin lafiya da ya rubuta “da sauƙi” a katin majinyaci bai rubuta komai ba, domin wanda ya warke da wanda ke gargara duk amsarsu ɗaya. Gani ya kori ji. Shi ya sa masana suka koma ga sa tsoho ya yi abin a gabansu, suna riƙe da agogo.

3. Dalilan yin awon

Dalili na farko shi ne yawan tsofaffi yana ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya, za su kai biliyan 1.4 a 2030, da biliyan 2.1 a 2050, kuma akasarinsu a ƙasashe masu tasowa za su kasance. Duk ma'aikacin da ke zaune a ɗakin nan ya san ƙa'idar aikin gwamnati, watau shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ke nan maganar ta iyayenmu ce a yau, gobe kuma tamu ce.

Dalili na biyu shi ne faɗuwa. Rahoton da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa tsakanin kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. A lissafinta na 2021 kuwa, mutum 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramar masifa ba ce, domin sau da yawa daga ita sai kwanciya, daga kwanciya sai gyambon baya da ciwon huhu.

Dalili na uku shi ne, tafiya madubin jiki ce. Kafin mutum ya yi taku ɗaya sai ƙwaƙwalwa ta ba da umurni, jijiyoyi su kai saƙo, tsoka ta ja, gaɓoɓi su lanƙwasa, ido da cikin kunne su tsare daidaito, zuciya da huhu su kawo iska da jini. In ɗayansu ya raunana, a tafiya ake fara gani, sau da yawa tun kafin mai jikin ya san yana da ciwo.

4. Taƙaitaccen tarihi

A 1935 aka danƙa wa wata likita a Ingila, mai suna Marjory Warren, kula da mutum 714 da ke kwance a wani gidan gajiyayyu da aka haɗe da asibitin da take aiki a yammacin Landan. Akasarinsu tsofaffi ne da aka fid da rai za su sake tashi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba, ta rarraba su gwargwadon abin da kowa ke iya yi, ta sa aka riƙa tayar da su ana motsa musu jiki. Da yawa suka miƙe, wasu har suka koma gida. Daga aikinta ne fannin likitancin tsofaffi ya kafu a ƙasar.

A 1963 Sidney Katz da abokan aikinsa a birnin Kilibland na Amurka suka fito da ma'aunin ayyukan yau da kullum guda 6: wanka, sa tufafi, zuwa makewayi, tashi daga gado ko kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A 1965 Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka fito da nasu mai abubuwa 10, wanda makinsa ya kama daga 0 zuwa 100. Waɗannan ma'aunai suna da amfani har gobe, amma suna da gibi. Ba sa nuna komai sai mutum ya riga ya kasa. Tsohon da ke wanka da kansa amma da ƙyar, makinsa ɗaya da na ƙaƙƙarfa. Wannan gibi ne ya sa daga baya aka fito da gwaje-gwajen da zan ambata yanzu, waɗanda ke gano rauni tun yana ƙarami.

5. Hanyoyin awo

(a) Saurin tafiya. Wannan shi ne mafi sauƙi. A auna mita 4 a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja layi a farko da ƙarshe, a ce wa tsoho ya yi tafiyarsa ta kullum, a duba daƙiƙa nawa ya ɗauka, a raba nisan da lokacin. Wanda ya ci mita 4 cikin daƙiƙa 4, saurinsa mita 1 ke nan a daƙiƙa. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 5, saurinsa 0.8. Wanda ya ɗauki 8, saurinsa 0.5. A 2011 Stephanie Studenski da abokan aikinta suka haɗa sakamakon bincike 9 da ya shafi mutum 34,485 masu shekara 65 zuwa sama, suka tarar saurin tafiya yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawon rai: masu saurin 0.8 suna tsakiya, masu 1.0 zuwa sama sukan daɗe fiye da tsararsu. Ajali dai na Allah ne, kuma lissafin na taron jama'a ne, bai yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Amfaninsa shi ne ya nuna wa likita wanda ya kamata a ƙara bincika.

(b) Tashi-ka-tafi. A 1986 Mathias da Nayak da Bernard Isaacs suka ƙirƙiro shi a Ingila, inda mai dubawa ke ba da maki 1 zuwa 5 bisa ganin idonsa. Da aka ga maki yana bambanta daga mai dubawa zuwa wani, sai Podsiadlo da Richardson a Kanada suka shigo da agogo cikinsa a 1991. Tsoho zai zauna a kujera mai hannu, wadda tsayin mazauninta ya kai kimanin santimita 46. In an ba shi izini sai ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo, ya dawo ya zauna. Yana sanye da takalminsa na kullum, in kuma yana da sanda ya riƙe abarsa. Cikin majinyata 60 da suka gwada, waɗanda suka gama ƙasa da daƙiƙa 20 galibi suna iya hidimar kansu, waɗanda suka kai 30 kuwa galibi suna bukatar mataimaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ɗaukar daƙiƙa 12 zuwa sama a matsayin alamar haɗarin faɗuwa. Kyan wannan gwaji shi ne ya tattara tashi da tafiya da juyi da zama wuri guda, kuma a wajen juyi ne ake yawan ganin tangaɗin da miƙaƙƙiyar tafiya ke ɓoyewa.

(c) Tashi daga kujera sau 5. Tsoho zai rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi tsaye sosai, ya zauna, har sau 5, iyakar saurinsa. Abin da ake aunawa shi ne ƙarfin cinya. A jagoran kula da tsofaffi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, wanda ya kasa gamawa cikin daƙiƙa 14 sai a tura shi ƙarin bincike.

(d) Daidaiton tsayuwa. Matakai 3 ne, kowanne daƙiƙa 10. Na farko a haɗa ƙafafu gefe da gefe. Na biyu a ɗan gusa ƙafa ɗaya gaba, diddigenta ya jeru da babban yatsan ɗayar. Na uku a sa diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, kamar mai tafiya a kan igiya. Dole mai gwaji ya tsaya dab da tsoho domin ya tare shi in ya yi layi.

A 1994 Jack Guralnik da abokan aikinsa a cibiyar binciken tsufa ta Amurka suka haɗa tsayuwa da tafiya da tashi daga kujera suka zama gwaji guda mai rassa 3, kowane reshe maki 0 zuwa 4, jimilla 12. Sun gwada shi a kan mutum fiye da 5,000 masu shekara 71 zuwa sama. A 1995 suka ba da rahoton cewa cikin tsofaffin da ba su da wata nakasa a farko, waɗanda suka sami maki 4 zuwa 6 sun fi masu 10 zuwa 12 haɗarin nakasa bayan shekara 4 da ninki 4 zuwa 5. Duka gwajin bai wuce aikin minti 10 ba.

(e) Dogayen ma'aunai. Akwai ma'aunin Katherine Berg na 1989 mai ayyuka 14 da maki 56, wanda ya haɗa da ɗauko abu daga ƙasa, da miƙa hannu gaba, da juyawa zagaye guda. Akwai kuma tafiyar minti 6, inda ake auna nisan da mutum ya ci yana kai da komowa a baranda mai tsawon mita 30, domin a san juriyar zuciya da huhu. Waɗannan aikin ƙwararru ne a asibiti.

(f) Faɗin zirga-zirga. Duk abin da na lissafa yana nuna abin da tsoho zai iya yi. Wannan kuwa yana tambayar abin da yake yi a zahiri. A 2003 masana a Jami'ar Alabama ta Amurka suka tsara shi da da'irori 5: sauran ɗakunan gida, harabar gida, unguwa, cikin gari, da wajen gari. Akan tambayi mutum wace da'ira ya kai cikin mako 4 da suka wuce, sau nawa, kuma da taimakon wa, a ba da maki daga 0 zuwa 120. In muka mai da shi namu, sai mu ce daga ɗaki zuwa tsakar gida, zuwa zaure da dakali, zuwa masallacin unguwa, zuwa kasuwa da masallacin Juma'a, zuwa wani gari ta'aziyya ko biki. Dattijon da ya daina zuwa Juma'a ya tsaya ga masallacin ƙofar gida, daga baya ya koma salla a zaure, da'irarsa ce ke tsukewa, kuma ya kamata iyalinsa su tambayi dalili.

Jama'a za su lura cewa, ban da dogayen ma'aunai, kayan aikin duka ba su wuce kujera da tef ɗin awo da alli da agogo ba. Agogon kuwa yana cikin wayar hannun kowa.

6. Gyaran da suke bukata a ƙasar Hausa

Na farko, kujera. An tsara ma'aunan nan ne domin mutanen da ke zama a kan kujera, su kwana a kan dogon gado, su kama ruwa a zaune. Tsohonmu kuwa a kan tabarma ko buzu yake wuni. Tsohuwa a kan kujera 'yar tsuguno take girki, ta duƙa ta yi shara da gajeriyar tsintsiya. Makewayi na tsuguno ne, alwala ma a tsugune ake yin ta. Ga ruku'u da sujada da zaman tahiya, raka'a 17 kowace rana a farilla kaɗai. Saboda haka tsohuwa tana iya cin gwajin kujera, alhali tashi daga tabarma ya gagare ta sai an kama ta.

Akwai ayyuka biyu da suka kusanci bukatarmu. A ƙasar Burazil, Claudio Gil Araújo ya tsara gwajin zama a ƙasa da tashi, maki 5 na zama, 5 na tashi, a cire maki 1 duk lokacin da mutum ya dafa hannu ko gwiwa, a cire rabi in ya yi tangaɗi. A binciken da aka buga a 2012 kan mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80, masu maki 0 zuwa 3 sun fi masu 8 zuwa 10 yawan mutuwa da ninki 5 zuwa 6 cikin kimanin shekara 6. Nan gida kuma, masana gashin ƙashi a Jami'ar Ibadan, Akinpelu da abokan aikinta, sun tsara ma'aunin ciwon gwiwa da ƙugu wanda ya shigo da irin rayuwarmu, kamar zaman salla, da durƙusawa gaisuwa, da tashi daga tabarma, da masai na tsuguno. A 2008 aka buga sakamakon gwada fassararsa ta Hausa. Wannan ita ce turbar da ta dace a bi.

Na biyu, harshe. In ma'aikaciya ta ce, “Baba, yi tafiya mu gani,” wani tsoho zai ɗauka jarrabawa ce ya zuba sauri, wani kuma ya ji kamar an mai da shi yaro ya ƙi tashi. Dole umurnin ya zama iri ɗaya a bakin kowa, kuma ya zo da ladabi. Alal misali: “Baba, don Allah in na ce bismilla, ka tashi ka yi irin tafiyar da kake yi zuwa masallaci, ka kai layin can, ka juyo ka dawo ka zauna. Ba sai ka yi sauri ba.” Ga tsohuwa kuma a ce, “Iya, irin tafiyarki ta zuwa barka.” Kalmomi irin su “sannu” da “a hankali” suna da tarko, domin tsoho zai iya ɗaukar su a matsayin umurnin rage sauri, alhali mai maganar tausayi yake nunawa. Zaɓen irin waɗannan kalmomi da gwada su a Kano da Sakkwato da Damagaram, inda karin harshe ya bambanta, aiki ne na ɗaliban Hausa tare da ma'aikatan lafiya.

Na uku, mutunci. A wurinmu dattijo ba ya gaggawa, natsuwar takunsa tana cikin girmansa. Ke nan iyakar da aka yanka a Amurka ko Kanada ba lalle ta yi daidai da namu ba, sai an auna tsofaffinmu masu lafiya da yawa an san matsakaicin saurinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna tafiyar mita 4 a bincikenta na tsufa a ƙasashe 6 tsakanin 2007 da 2010, kuma Gana da Afirka ta Kudu suna ciki. Ya kamata a yi irinsa a garuruwanmu. Kafin nan, hanya mafi aminci ita ce a gwada mutum da kansa, watau a ajiye awonsa na bana a kwatanta da na baɗi. Har ila yau, kunya tana da hakki. Tsohuwa mace ce za ta gwada ta, a cikin gida ko bayan labule, kuma ba a gaban surukai ba.

Na huɗu, shekaru. Yawancin ma'aunan nan da shekarun haihuwa ake fassara su, tsofaffinmu da yawa kuwa ba su da takardar haihuwa. Maganin wannan shi ne jadawalin abubuwan tarihi. A tambayi mutum girmansa lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko samun mulkin kai a 1960, ko rasuwar Sardauna a 1966, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Wadda aka yi wa aure shekarar da naira ta fito, an sami bakin zaren lissafin shekarunta.

Na biyar, yanayi. Babbar riga da dogon zane da silifa suna canza taku. Rairayi ba ɗaya yake da siminti ba. Wanda aka auna da hantsi ba a kwatanta shi da wanda aka auna da azahar cikin zafin bazara ko da yammacin azumi. Duk wannan a rubuta shi a katin awo.

7. Bayan awo, sai me?

Awon da ba a yi aiki da shi ba ɓata takarda ne. In an ga rauni, sai a nemi sanadinsa: amosanin gaɓoɓi, yanar ido, ciwon sukari da ke kashe jijiyoyin tafin ƙafa, ƙaramar shanyewar jiki da ba a lura da ita ba, ƙarancin jini, rashin abinci mai gina jiki, ko kuma magunguna. Maganin barci da wasu magungunan hawan jini suna iya kawo jiri in mutum ya miƙe tsaye. Da yawa daga cikin waɗannan suna da magani.

Babban abin da nake so a tafi da shi gida shi ne, hutu mai yawa cuta ne ga tsoho. Tsoka tana raguwa tun daga wajen shekara 30, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan 60. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafunsu. Mu kuwa, saboda biyayya, mukan ce, “Inna, zauna kawai, kome kike so a kawo miki.” Niyyar kyakkyawa ce, amma in ta yi yawa ƙafafun Inna muke karɓewa. A bar ta ta ɗauki butarta, ta leƙa maƙwabta, ta tsince shinkafarta.

An kuma tabbatar cewa motsa jiki yana gyara abin da ya raunana. Shirin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya ƙunshi atisayen ƙarfafa ƙafa da daidaiton tsayuwa a gida tare da tattaki, ya rage faɗuwa da kimanin kashi 35 cikin 100. Wani babban nazari na 2019 da ya tattara gwaje-gwaje sama da 100 ya tarar motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100. Sai a haɗa da gyaran gida: fitila a hanyar makewayi, ƙarfen kamawa a bango, rage tsayin dokin ƙofa, da kankare gansakuka a wurin wanka. Sanda kuma ba abin kunya ba ce, sai dai a yanke ta daidai wuyan hannun mai ita in yana tsaye. Shari'a ma ta yi sauƙi, ta yarda wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune.

8. Kammalawa

Ga ma'aikatan gwamnati, maganar ba ta ma'aikatar lafiya kaɗai ba ce. Injiniyoyi sukan tsara lokacin tsallaka titi bisa saurin mita 1.2 a daƙiƙa. Wani bincike a Ingila a 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na maza da 85 na mata masu shekara 65 zuwa sama ba su kai wannan sauri ba. Titi mai faɗin mita 12, saurayi ya tsallake shi cikin daƙiƙa 10, tsoho mai saurin 0.6 sai ya yi 20 yana tsakanin motoci. Wanda ke zana gadar sama mai dogon tsani, da wanda ke ajiye ofishin fansho a hawa na uku, da wanda ke kiran 'yan fansho tantancewa ba tare da ya tanadi benci ba, duk ya kamata su san waɗannan alƙaluma.

Tsarin hukuma ya fara samuwa. An buɗe cibiyar kula da tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. An sa hannu a dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa a 2018, gwamnatin tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin inganta lafiyar tsofaffi. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi ƙananan asibitocin karkara. Shawarata ita ce, kamar yadda jariri yake da katin awo, duk wanda ya kai 60 a buɗe masa nasa, a riƙa rubuta saurin tafiyarsa da lokacin tashinsa daga kujera da daga tabarma sau ɗaya a shekara.

Ku kuma ɗalibai, in kun je hutu ku lura da kakanninku. Sau nawa Kaka take yunƙurawa kafin ta miƙe? Tana dafa bango? Ina ne iyakar inda ta je a watan nan? Ta taɓa faɗuwa bana? In amsar ta ba ku tsoro, ku gaya wa manya a kai ta asibiti tun ƙafa tana ɗaukarta. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu yi kyakkyawan tsufa.